Yolarmu Ba Ta Adamawa Ba Ce: Yadda Mai Ƙaramar Sana'a Zai Sa A Same Shi A Intanet

Kamar yadda muka saba, ga rubutun shirin nan mun ajiye saboda waɗanda datarsu ba za ta ɗauki sauraro ba, da waɗanda sabis ke yi wa gardama.

Kafin mu shiga magana, ina so ku yi mini wani ɗan gwaji. Ɗauki wayarka, buɗe Google, rubuta "Yola". Me ka gani? Na san amsar tun kafin ka faɗa. Ka ga babban birnin jihar Adamawa, ka ga Jimeta, ka ga kogin Binuwai, ka ga fadar Lamiɗo. Garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841. To, ni ma ɗan Yola ne, amma ba waccan ba. Yolarmu tana ƙaramar hukumar Ƙaraye ne, a yammacin jihar Kano, maƙwabtan Rogo. Kuma ko a cikin birnin Kano akwai unguwar Yola, ta Yolawa. Kun ga Yola uku ke nan, amma a idon intanet kamar guda ɗaya ce tak.

Wani zai ce to mene ne abin damuwa a nan? Bari in ba ku labarin yadda wannan abu ya cinye mini naira 5,000, ya kuma ba ni kunya a gaban yayata.

Yayata tana yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a cikin gida. Duk wanda ya ci ƙulinta ya san hannu ne. Amma hanyar cinikinta ɗaya ce: a ɗora wa 'yarta tire, ta zaga gari. Yarinyar tana aji biyar a firamare, kuma mafi yawan ranaku sai ta gama tallar safe take zuwa makaranta, wani lokaci ma an kusa tashi. Ni kuma ga ni na dawo daga jami'a, kullum ina hawa Facebook ina rubutu a kan illar ɗora wa yara mata talla. Wata rana na je gaishe ta na fara wa'azina, sai ta bar ni na gama tsaf, sannan ta ce, "To ɗan boko, na ji. In na sauke mata tiren, kai za ka ɗauka?"

Wallahi na rasa bakin magana. Gaskiyarta ce. Tiren nan shi ne cefane, shi ne kuɗin littafi, shi ne sabulu. Sai na ce, "Yaya, ba ni mako biyu. Tallar za ta koma cikin waya."

Na buɗe mata shafi, na ɗauki hotuna, na biya kuɗin talla a Facebook. Da aka tambaye ni garin da nake so tallar ta kai, sai na rubuta Yola, na danna na farko da ya fito, ban ko tsaya karantawa ba. Kwana biyu waya ta fara ƙara. Farin ciki kamar me. Mace ta farko ta ce tana son galan biyu, a kawo mata Jimeta kusa da babbar kasuwa. Ta biyu ta ce tana Yola ta Kudu. Nan jikina ya yi sanyi. Na kwashi kuɗina na tallata ƙulin Yaya ga mutanen da ke nesa da mu tafiyar yini guda a mota. Laifina ne, ba na kowa ba. Yaya ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Ashe tiren ya fi ka sanin hanya."

Daga ranar na zauna na koyi abin da kyau. Abin da na gano shi ne zan raba da ku yau, kuma a taƙaice shi ne: intanet bai san ka ba sai ka gabatar da kanka, kuma a irin garuruwanmu sai ka gabatar da garin ma tukuna.

Mu fara da yadda binciken yake aiki. In mutum yana tsaye a Ƙaraye ya rubuta "mai gyaran waya kusa da ni", Google ba aljani ba ne, ba ya duba. Jerin wuraren da aka riga aka shigar masa yake bi ya zaɓo. Kamfanin da kansa ya bayyana cewa abu uku yake dubawa. Na ɗaya, dacewa: shin abin da ka rubuta game da sana'arka ya yi daidai da abin da mutumin ya nema? Na biyu, nisa: tsakaninka da mai neman. Na uku, shahara: mutum nawa suka yi sharhi a kanka, suka ba ka taurari, suka ambace ka a wasu wurare.

Yanzu ku lura da wani abu. A Legas ko a Kantin Kwari, masu sana'a dubbai ne ke kokawa a kan sahun farko. A garuruwanmu kuwa filin kusan fayau yake. Baƙon da tayarsa ta fashe a hanyar Gwarzo zuwa Ƙaraye, in ya duba wayarsa, mai facin da ya shigar da rumfarsa shi zai gani, ko da akwai wasu biyar da suka fi shi iya aiki. Nisa yana gefenmu. Abin da ya rage kawai mu kasance a cikin jerin.

To yaya ake shiga?

Mataki na farko, taswira. Akwai abin da ake kira Google Business Profile. Da sunansa Google My Business, aka canza a 2021. Kyauta ne, ku riƙe wannan da kyau, kyauta ne. Kana buƙatar asusun Google, sai ka shigar da sunan sana'arka, nau'inta, lambar waya, lokacin buɗewa da rufewa, da hotuna. Za su nemi ka tabbatar cewa wurin naka ne. Wani lokaci ta saƙon waya, wani lokaci su ce ka ɗauki gajeren bidiyo da ke nuna gaban shagon, allon suna da kayan aiki. Saboda haka in ba ka da allo, nemi ɗan katako da fenti a rubuta maka. Allon nan zai yi maka aiki a titi, ya yi maka a waya.

Kuma ka je ka tsaya a ƙofar shagon da ƙafarka lokacin da za ka dasa alamar wurin a taswira. Kada ka yi daga kan katifa a ɗaki, domin nan ne ake jefa shagon mutum tsakiyar gonar dawa.

Na san tambayar da ke zuwa: "Mu da ba mu da sunan titi balle lambar gida fa?" Gaskiya ne, adireshinmu shi ne bayan masallacin Juma'a, kusa da bishiyar darbejiya, ka tambayi mai shayi. Akwai maganin wannan, sunansa Plus Code. Ka buɗe Google Maps, ka taɓa shuɗin ɗigon nan da ke nuna inda kake tsaye, za ka ga wasu 'yan haruffa da lambobi haɗe da alamar tarawa. Wannan shi ne adireshin daidai inda ƙafarka take. Ka kwafe shi ka ajiye. Duk wanda ka tura wa, taswira za ta kawo shi har bakin ƙofa.

Amma a nan sai na ja hankalin iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata masu sana'a a cikin gida. Kada a dasa gidan aure a taswira kowa ya gani. Mun san halin da ake ciki na tsaro, kuma gida yana da mutuncinsa. Akwai zaɓin ɓoye adireshi, ki nuna yankin da kike kai kaya kawai, misali Ƙaraye, Rogo, Gwarzo, Ƙiru. Haka muka yi wa Yaya. Wurin karɓar kaya kuwa shagon wani ɗan'uwanmu ne a bakin titi. Kuma a yi shawara da maigida tun farko, kada waya ta jawo rigimar da ta fi ribar yawa.

Mataki na biyu, kuma nan ne zuciyar maganar yau: kalmomi. Kada ka taɓa rubuta "Yola" ita kaɗai. Rubuta "Yola, Ƙaraye, jihar Kano", a ko'ina, a kowane shafi, iri ɗaya. Ɗan Falgore ta Rogo ma haka, domin in ya rubuta Falgore kawai, dajin Falgore za a nuna wa mutane. In kuma za ka biya kuɗin talla a Facebook, kada ka dogara da sunan gari kamar yadda na yi. Dasa alama a taswira da hannunka, ka zaɓi faɗin kilomitocin da kake iya kai kaya.

Sannan sunan shafin kansa. Matasanmu muna son suna mai ƙyalli, mu haɗo Turancin da mu kanmu ba ma iya maimaita rubuta shi daidai. Tambayi kanka: wa zai zauna ya rubuta wannan sunan a wurin bincike? Babu. Abin da mutum ke rubutawa shi ne abin da yake buƙata da inda yake. "Ɗinkin mata Ƙaraye." "Mazarƙwaila Rogo." "Busasshen kifi dam ɗin Challawa." To sunanka da bayaninka su ƙunshi waɗannan. Ka sa da Hausa, ka sa da Turanci, domin ma'aikacin da aka turo asibiti ko ɗan bautar ƙasa da Turanci zai nema.

Ga wata 'yar dabara da ba a faɗa a darussan Turawa, domin su ba su da matsalar. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Mu da muka damu da rubutun Hausa muna sa su, kuma ya kamata. Amma yawancin mutane a waya "kuli kuli" suke rubutawa, ba "ƙuli-ƙuli" ba. "Karaye", ba "Ƙaraye" ba. Ba kowane wurin bincike ne ke gane cewa abu ɗaya ne ba. Saboda haka a cikin bayanin kayanka ka sa duka biyun, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Ba ka ci amanar harshe ba, ka buɗe ƙofa biyu ne maimakon ɗaya.

Mataki na uku, WhatsApp. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, a yankinmu ciniki a WhatsApp yake ƙarewa. Taswira da Facebook su nuna ka, WhatsApp ya rufe magana. Akwai manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a Janairun 2018, ita ma kyauta. A ciki za ka iya jera kayanka da hoto da farashi, ka sa lokacin aiki, ka shirya saƙon maraba da zai amsa wa mutum ko kana gona. Kuma ga wadda karatu bai yi nisa ba, saƙon murya ya wadatar. Yaya ba ta rubutu da sauri, amma in ta danna ta yi bayanin man gyaɗarta da bakinta, ta fi ni iya talla sau goma.

Don Allah a riƙa sa farashi. Wannan ɗabi'ar ta "zo inbos" tana korar mai saye. Mutum yana da kunya, ba ya son ya tambaya ya ji ya fi ƙarfinsa. In ya ga kuɗin a fili, wanda ya shirya shi zai yi magana.

Hoto kuma, naka na gaskiya. Fito da kayan tsakar gida da hantsi, shimfiɗa farin ƙyalle, goge gilashin kyamara da gefen riga, ka ɗauka. Kada tela ya sauko da hoton ɗinkin wani daga intanet ya ce nasa ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a ƙaramin gari ya fi ƙurewa da wuri, domin wadda ka yaudara za ku haɗu a gidan biki.

Wannan ya kawo mu kan abu na uku da Google ke dubawa, wato shahara. Mu a nan sunanta shaida. Da can in baƙo ya sauka a tasha ya ce wa zai gyara masa babur, mai shayi ne zai ce je wurin wane, ba ya cuta. Taurari da sharhin nan da kuke gani, shaidar mai shayi ce aka rubuta. Duk wanda ya saya ya ji daɗi, roƙe shi ya rubuta layi biyu, ko da Hausa ne. Amma kada ka tara abokan majalisa su zuba maka taurari biyar alhali ba su taɓa sayen komai ba. Dokar Google ta hana, suna iya gogewa, kuma shaidar zur ce ko a waya aka yi ta. In wani ya yi ƙorafi, amsa masa da ladabi a bainar jama'a. Masu karantawa sun fi kallon amsarka fiye da ƙorafinsa.

Yanzu gargaɗi, domin inda kasuwa ta ci, ɓarayi ma suna nan.

Duk wanda ya kira ka ya ce daga Google yake, ka biya kuɗi ko a cire ka daga taswira, ɗan damfara ne. Kashe wayarka.

Duk wanda ya ce an turo maka lambobi 6 bisa kuskure, ka karanto masa, WhatsApp ɗinka yake son ƙwacewa, ya bi kwastomominka yana karɓar kuɗi da sunanka. Kada ka bayar ko da muryar ɗan'uwanka ka ji. Shiga saituna ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, yau ɗin nan.

Sai alat na bogi. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kowa ya koyi transfa, har mai ƙosai. Alheri ne, amma kada ka saki kaya don an nuna maka hoton rasit. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna.

Kuma kada ka zuba ƙwanka duka a shafi guda. Ku tuna ranar 4 ga Oktoba 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida a duk duniya. Ku tuna an rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 har Janairun 2022. Shafin nan aron rumfa aka ba ka, ba gadon gidanku ba ne. Sayi littafi na naira kaɗan, ka rubuta suna da lambar duk wanda ya taɓa sayen kayanka. Wannan littafin shi ne dukiyar.

Ba zan yi muku ƙarya in ce waya ta warware komai ba. Sabis a wasu ƙauyukanmu sai ka hau tudu. Data ta ƙara tsada tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Taswira ba ta cike ramin titi, kuma ba ta sa mai ya yi araha. Manomin rani da ke gefen dam ɗin Challawa, wanda aka kammala tun 1992, in tumatirinsa ya nuna, ko yana Google ko ba ya Google, sai ya samu mota kafin ya ruɓe. Waɗannan haƙƙoƙi ne da za mu ci gaba da nema a wurin waɗanda muka zaɓa. Amma lambar wayarsa a hannun dillalai uku a Kano maimakon ɗaya, wannan kaɗai yana canza yadda ake taya masa kwando.

To ina labarin Yaya ya tsaya? Ba ta zama attajira ba, kada ku ji an ce. Wata na farko shiru. A wata na biyu wani mai shago a Gwarzo ya gan ta, ya gwada, yanzu yana karɓa duk mako. Sai wasu mata 'yan asalin yankinmu da aure ya kai su Kano, suna kewar ƙulin gida, ana ba direba a tasha ya kai musu. Abin da ya fi mini komai shi ne tallar safe ta tsaya. Yarinyar tana fita makaranta tare da sa'o'inta. Ranar Asabar har yanzu takan ɗauki tire, ban ci nasara duka ba. Amma ran da ta kawo sakamakon jarrabawa, Yaya ta kira ni ta ce, "Ɗan boko, zo ka karɓi ƙulinka, ka biya bashin 5,000 ɗinka."

Saboda haka ga aikin gida, musamman gare mu da muka yi karatu muke zaune muna jiran takardar ɗaukar aiki. Muna ƙone data a kan musun ƙwallo da faɗan 'yan siyasar da ba su san sunanmu ba. A wannan makon, kowa ya zaɓi mai sana'a ɗaya a unguwarsu. Mai faci, mai walda, mai kemis, mai injin niƙa, tela. Nemi izininsa tukuna, ka yi masa bayani. A buɗe komai da lambarsa da sunansa, kalmar sirri ta zauna a hannunsa, ba a naka ba, domin taimako ne ba mallaka ba. In sana'arsa ta fara ƙarfi, ka nuna masa hanyar rajistar suna a hukumar CAC. Sannan in ka ga makarantarku ko asibitin garinku babu su a Google Maps, kowa yana iya ƙara wurin da ya ɓace, kai ma ka ƙara. Da ɗan gari akan ci gari, kuma babu wanda zai taso daga Amurka ya zo ya rubuta sunan mai facin Yola.

Wanda ya yi, ya ajiye mana hoton a ƙarƙashin wannan rubutu, ya faɗi garin da sana'ar, ban da lambar waya ko adireshin gidan kowa. Wanda ya maƙale a wani mataki ya tambaya, za mu amsa a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Ku tura wa wanda kuka san zai amfana.

Gaisuwa ga mutanen Yolar Adamawa, musamman matan nan biyu na Jimeta da Yola ta Kudu da har yau ba su samu man gyaɗarsu ba. Ku yafe mini.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ba mu na halal. Sai mun haɗu a mako mai zuwa. Wassalamu alaikum.